Goyon Bayan Duniya ga Fafutukar Dimokuraɗiyya a Ƙasar Bama

Ƙasar da a yau ake kira Myanmar, wadda Hausawa suka fi sani da suna Bama, ba baƙuwa ba ce a tarihin Afirka ta Yamma, domin a dazuzzukanta ne dubban sojojin Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, da yawa daga cikinsu masu jin Hausa, suka yaƙi sojojin Japan a shekarun 1944 da 1945 a ƙarƙashin tutar Birtaniya, musamman a kwarin kogin Kaladan da yankin Arakan, wanda yanzu ake kira jihar Rakhine. Wannan Bama ta kudu maso gabashin Asiya, wadda bai kamata a rikita ta da garin Bama na jihar Borno ba, ta sami 'yancin kai a ranar 4 ga Janairun 1948, amma ba ta cika shekara goma sha biyar tana mulkin kanta ba Janar Ne Win ya hamɓarar da gwamnatin farar hula a ranar 2 ga Maris na 1962, kuma tun daga lokacin sojoji ne suke riƙe da ragamar ƙasar, wani lokaci a bayyane, wani lokaci ta bayan labule. Wannan lacca ta dubi irin goyon bayan da mutanen wasu ƙasashe suka bai wa masu neman dimokuraɗiyya a can. Abin da ake nufi da goyon baya a nan ya zarce jaje na fatar baki, ya ƙunshi duk wani mataki da gwamnati ko ƙungiya ko ɗaiɗaikun mutane suka ɗauka, suka kuma yarda su yi asarar wani abu a kansa, domin rage wa azzalumi ƙarfi ko ƙara wa wanda ake zalunta.

Mafarin fafutukar shi ne shekarar 1988. A watan Satumba na shekarar da ta gabace ta gwamnatin Ne Win ta soke wasu manyan takardun kuɗi ba tare da biyan diyya ba, abin da ya mayar da ajiyar miliyoyin talakawa takardar banza cikin dare ɗaya, a ƙasar da a da take cikin manyan masu fitar da shinkafa a duniya. Ɗalibai ne suka fara bore, sannan a ranar 8 ga Agustan 1988 ma'aikata da 'yan kasuwa da limaman addinin Buda suka fito a duk faɗin ƙasar. Sojoji suka buɗe musu wuta, kuma bayan da wata sabuwar majalisar soja ta karɓe mulki a ranar 18 ga Satumba, ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne an kashe mutum kusan 3,000. A cikin wannan hargitsi ne Aung San Suu Kyi, 'yar Janar Aung San wanda ya jagoranci neman 'yancin ƙasar aka kuma kashe shi a 1947, ta fito fili, bayan ta dawo daga Ingila jinyar mahaifiyarta. An yi mata ɗaurin talala, wato tsare mutum a cikin gidansa, a watan Yulin 1989, amma duk da haka jam'iyyarta ta NLD ta lashe kujeru 392 daga cikin 485 da aka yi takara a kansu a zaɓen ranar 27 ga Mayun 1990. Sojoji suka ƙi miƙa mulki, suka kama zaɓaɓɓun 'yan majalisa da dama, wasu kuma suka tsere zuwa kan iyaka.

Goyon baya na farko da masu fafutukar suka samu, wanda kuma ya fi kowane daɗewa, shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba. Dubban ɗalibai da suka tsere daga birane sun isa kan iyakar Tailan babu abinci babu magani, zazzaɓin cizon sauro yana ta ɗibarsu a daji. A garin Mae Sot wata likita 'yar ƙabilar Karen mai suna Cynthia Maung, wadda ita ma gudun hijira ta yi, ta buɗe wani ɗan ƙaramin asibiti a 1989, kuma da gudummawar ƙungiyoyi da likitocin sa-kai daga ƙasashe daban-daban asibitin, mai suna Mae Tao, ya girma har ya zama wurin da dubun dubatan mutane suke samun magani a kowace shekara. A wannan gari dai tsofaffin fursunonin siyasa suka kafa wata ƙungiya a shekarar 2000 domin tattara sunan duk wanda aka kama, da gidan yarin da yake, da hukuncin da aka yanke masa, kuma har yau alƙalumanta ne Majalisar Ɗinkin Duniya da kafofin watsa labarai suke dogara da su. A 1992 kuma aka kafa gidan rediyon Democratic Voice of Burma a birnin Oslo da tallafin gwamnatin Norway, yana watsa shirye-shirye a kan gajeren zango zuwa cikin ƙasar. Masu sauraron sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka a zamanin mulkin soja a Najeriya da Nijar ba sa buƙatar dogon bayani game da darajar irin wannan murya, a lokacin da rediyon gwamnati ba ya faɗin komai sai abin da aka rubuta masa. Asibiti da kundin sunaye da gidan rediyo ba su taɓa kifar da gwamnati ba, amma su ne suka hana fafutukar mutuwa a shekarun da sojoji suka yi zaton sun gama da ita.

Nau'i na biyu shi ne ƙauracewa, wato jama'a su daina sayen kayan kamfanin da yake hulɗa da azzalumai har sai ya janye. Wannan dabara daga gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu aka aro ta, kuma ɗalibai a jami'o'in Amurka, waɗanda wani ɗan Bama mai suna Zarni ya haɗa kansu a 1995 ta hanyar intanet tun tana sabuwa, sun matsa wa kamfanin PepsiCo lamba har ya bar ƙasar baki ɗaya a farkon 1997. Jihar Massachusetts ta kafa doka a 1996 wadda ta taƙaita sayen kaya daga kamfanonin da suke kasuwanci a Bama, kodayake Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar a shekarar 2000, bisa hujjar cewa ta ci karo da dokar gwamnatin tarayya a kan wannan batu. Ƙungiyoyin ƙwadago ma sun taka rawa mai nauyi, domin ƙorafinsu ne ya sa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta binciki yadda sojoji suke tilasta wa mutanen karkara aikin dole, na gina hanyoyi da dakon harsasai, kuma a shekarar 2000 ta yi amfani da sashe na 33 na kundinta a kan Bama, wanda shi ne karo na farko da ta ɗauki wannan mataki a kan wata ƙasa tun kafuwarta a 1919.

Batun takunkumi, wato matakin da gwamnatoci suke ɗauka na hana ciniki ko zuba jari ko tafiye-tafiye, shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne niyya mai kyau ta fi yin karo da son zuciya. A watan Mayun 1997 Shugaba Bill Clinton ya haramta wa kamfanonin Amurka zuba sabon jari a Bama, kuma kalmar "sabon" ita ce ƙofar da aka bari a buɗe, saboda kamfanin mai na Unocal na Amurka da Total na Faransa sun riga sun shiga aikin haƙar iskar gas na Yadana, wanda bututunsa ya ratsa ƙauyukan kudancin ƙasar zuwa Tailan, haramcin kuma bai shafe su ba. Wasu mazauna waɗannan ƙauyuka sun kai Unocal ƙara a wata kotun Amurka a 1996, suna zargin sojojin da suke gadin bututun da aikin dole da fyaɗe da kisa, kuma kamfanin ya sasanta da su a 2005, shekarar da Chevron ya saye shi ya gaji hannun jarinsa. Gas ɗin ya ci gaba da kwarara, ya zama babbar hanyar samun kuɗin waje ga gwamnatin soja. A ɗaya ɓangaren kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin Suu Kyi a Depayin a ranar 30 ga Mayun 2003, Amurka ta hana shigo da duk wani kaya daga Bama, abin da ya rufe masaƙu da masana'antun ɗinki a Yangon, ya jefa dubun dubatan ma'aikata, galibinsu mata, cikin rashin aiki. An bar jaki ana dukan taiki. Darasin da masu fafutuka suka ɗauka daga wannan, wanda ya bayyana a buƙatunsu na baya-bayan nan, shi ne takunkumi yana da amfani ne idan ya taɓa asusun janar-janar, kuma yana zama zalunci na biyu idan ya tsaya a kan albashin mai ɗinki.

Ko da an gyara wannan kuskure, akwai iyakar da ƙasashen Yamma ba za su iya wucewa ba, domin maƙwabtan Bama ba su bi sahunsu ba. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN, wadda ta ginu a kan ƙa'idar rashin tsoma baki cikin harkokin juna, ta karɓi Bama a matsayin mamba a 1997, ƙasar Sin ta sayar mata da makamai, Tailan ta sayi gas, Indiya kuma, wadda da fari ta goyi bayan 'yan adawa, ta sauya manufa domin gudun kada Sin ta mamaye kasuwar ita kaɗai. A watan Janairun 2007 Sin da Rasha suka hau kujerar na-ƙi a kan wani ƙuduri game da Bama a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato suka yi amfani da ikon da ƙasashe biyar masu kujerar dindindin suke da shi na kashe duk wani ƙuduri, kuma abin da ya fi ciwo shi ne Afirka ta Kudu, ƙasar da goyon bayan duniya ya taimaka wajen 'yantar da ita, ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa tare da su, matakin da Desmond Tutu ya fito fili ya yi tir da shi. A watan Satumba na wannan shekara, lokacin da dubban limaman Buda suka yi tattaki a Yangon bayan ƙarin kuɗin mai, aka kuma murƙushe su, Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika manzonta, Farfesa Ibrahim Gambari na Najeriya, wanda ya gana da shugaban mulkin soja Janar Than Shwe da kuma Suu Kyi. Ya yi zuwa da dama, amma manzon da ba shi da Kwamitin Sulhu mai magana da murya ɗaya a bayansa ba ya da abin da zai ɗora a kan teburi sai lallashi. A watan Mayun 2008 mahaukaciyar guguwar Nargis ta hallaka mutum kusan 138,000, sojoji suka yi makonni suna jan ƙafa wajen barin ma'aikatan agaji su shiga, kuma a cikin wannan makoki suka gudanar da ƙuri'ar raba gardama a kan kundin tsarin mulkin da ya ware musu kashi 25 cikin ɗari na kujerun majalisa da ma'aikatun tsaro da cikin gida da kan iyaka.

Rauni mafi girma, duk da haka, daga cikin tafiyar masu goyon bayan kansu ya fito. Tun da aka bai wa Suu Kyi lambar yabo ta Nobel a 1991, duniya ta taƙaita labarin ƙasa mai mutum fiye da miliyan hamsin da ƙabilu masu yawa zuwa labarin mace ɗaya. Babu mai musun jarumtakarta, domin ta shafe kusan shekara 15 a tsare tsakanin 1989 da 2010, kuma lokacin da mijinta Michael Aris yake kan gargarar mutuwa a Ingila a 1999 ta ƙi tafiya, saboda ta san in ta fita ba za a bar ta ta dawo ba. Amma da yake an ɗaure fafutukar a jikin sunanta, sakinta a ranar 13 ga Nuwamban 2010 da nasarar jam'iyyarta a zaɓen 2015 sun sa aka ɗauka aiki ya kammala, aka sassauta takunkumi, Amurka ta ɗage nata a watan Oktoban 2016, alhali sojoji ba su saki ko ɗaya daga cikin ikon da kundin 2008 ya ba su ba. Waɗanda aka manta da su a wannan murna su ne 'yan Rohingya, al'ummar Musulmi ta jihar Rakhine, yankin nan da sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi a cikinsa, waɗanda dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta mayar da mafi yawansu marasa ƙasa. An kore su da yawa zuwa Bangaladesh a 1978, an sake korar wasu kimanin 250,000 a 1991 da 1992, wato a daidai lokacin da ake bikin lambar Nobel, kuma rikicin 2012 ya tsare kusan 140,000 a sansanoni a cikin ƙasarsu. Duk waɗannan abubuwa sanannu ne, amma ba su dace da labarin da aka fi son ji ba.

Daga ranar 25 ga Agustan 2017, bayan wasu hare-hare da wata ƙungiyar 'yan bindigar Rohingya ta kai wa ofisoshin 'yan sanda, sojoji suka ƙaddamar da farmakin da ya ƙona ɗaruruwan ƙauyuka, ya kashe dubban mutane, ya kuma kori fiye da 700,000 zuwa yankin Cox's Bazar na ƙasar Bangaladesh. Gwamnatin Suu Kyi ta kare sojojin, kuma a ƙarƙashinta aka ɗaure 'yan jarida biyu na kamfanin Reuters, Wa Lone da Kyaw Soe Oo, da suka bankaɗo kisan da aka yi a ƙauyen Inn Din. Ƙungiyar Amnesty da ƙasar Kanada sun janye karramawar da suka yi mata a 2018, amma janye lamba ba ya mayar da kowa gida. Matakin da ya fi kowane nauyi ya zo ne daga inda ba a zata ba. Ƙasar Gambiya, wadda ita kanta a 2017 ta rabu da shekara 22 na mulkin Yahya Jammeh, ta shigar da ƙara a Kotun Duniya da ke birnin Hague a ranar 11 ga Nuwamban 2019, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, tana zargin Myanmar da kisan ƙare dangi, wato yunƙurin shafe wata al'umma saboda asalinta ko addininta. Ministan shari'arta na lokacin, Abubacarr Tambadou, ya yi shekaru yana aiki a kotun da ta hukunta masu kisan kiyashin Ruwanda, ya kuma ziyarci sansanonin Bangaladesh da kansa. Suu Kyi ta je Hague a watan Disamba ta tsaya a madadin ƙasarta, amma a ranar 23 ga Janairun 2020 alƙalai suka umarci Myanmar, ba tare da ko ɗaya ya saɓa ba, da ta kare sauran 'yan Rohingya. Gambiya ba ta da wani ciniki mai yawa da Myanmar, ba ta da iyaka da ita, ba ta da rundunar da za ta tsoratar da kowa, kuma wannan ya nuna cewa ƙaramar ƙasa tana iya yin abin da manya suka kauce masa idan ta san ƙofar da doka ta buɗe mata.

Kariyar da Suu Kyi ta bai wa sojoji ba ta hana su juya mata baya ba. A ranar 1 ga Fabrairun 2021 Janar Min Aung Hlaing ya kifar da gwamnati, bisa zargin maguɗi a zaɓen Nuwamban 2020 wanda masu sa ido ba su ga hujjarsa ba. Likitoci da ma'aikatan jinya ne suka fara ƙin zuwa aiki, malamai da ma'aikatan jirgin ƙasa da na banki suka bi su, jama'a suna buga tukwane kowane dare, kuma a ranar 27 ga Maris kaɗai aka kashe fiye da mutum ɗari. Jakadan ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya, Kyaw Moe Tun, ya bijire wa sojoji a gaban Babban Zauren, majalisar kuma ta bar shi a kan kujerarsa ta ƙi karɓar wakilin sojoji. A wannan karo masu goyon baya sun bi sawun kuɗi, har Total da Chevron suka sanar da janyewa a watan Janairun 2022, Tarayyar Turai ta sa wa kamfanin mai da gas na gwamnati takunkumi a wata mai biye, ana kuma ci gaba da neman a toshe man jiragen sama, saboda hare-hare irin na ƙauyen Pazigyi a watan Afrilun 2023, inda aka kashe fiye da mutum 160. Yarjejeniya mai sharuɗɗa biyar da ASEAN ta cimma a Jakarta a watan Afrilun 2021 ba ta tsayar da komai ba, kuma ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2669 na Disamban 2022 bai haɗa da haramcin sayar da makamai ba.

Sauyi mafi muhimmanci daga cikin ƙasar ya zo. Matasan da suka ga sojoji suna harbinsu a titunan Yangon da Mandalay sun fara fitowa fili suna neman gafarar 'yan Rohingya a kan shirun da suka yi a 2017, kuma gwamnatin haɗin kan ƙasa da 'yan adawa suka kafa a ranar 16 ga Afrilun 2021 ta yi alkawari a watan Yuni cewa za ta soke dokar 1982, ta kuma kira su da sunansu na Rohingya, sunan da gwamnatocin baya suka ƙi furtawa, daga baya ma ta naɗa ɗayansu mataimakin minista. Alkawari ne na gwamnatin da ba ta riƙe da babban birni, saboda haka ba a gwada shi ba tukuna. A halin da ake ciki, 'yan Rohingya fiye da miliyan ɗaya suna zaune a sansanonin Bangaladesh ba su da izinin yin aiki, kuma a shekarar 2023, saboda ƙarancin gudummawa daga ƙasashen duniya, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage kuɗin abincin kowane mutum daga dala 12 zuwa dala 8 a wata, kafin a maido da shi a shekarar da ta biyo baya.